Littattafan Yaƙi a Makarantun Afganistan

A watan Disamba 1979 sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga Afganistan, kuma ba a jima ba yaƙin ya bi yara har cikin aji. Gwamnatin gurguzu ta Kabul, wadda ta ƙwaci mulki a watan Afrilu 1978, ta sauya manhajar makarantu domin yabon juyin juya hali da abota da Masko. Mayaƙan mujahidai da ke kan duwatsu kuwa, a bakin gwamnati sunansu "ashrar", wato miyagu. A Amurka, Shugaba Reagan yana kiran waɗannan mutane masu fafutukar 'yanci.

Amurka ta fito da nata littattafan. Hukumar USAID ta damƙa aikin ga Cibiyar Nazarin Afganistan ta Jami'ar Nebraska da ke Omaha, kuma jaridar Washington Post ta bayyana cewa an kashe kimanin dala miliyan 51 a shirin ilimin tsakanin 1984 da 1994. A Peshawar ta Pakistan aka tsara littattafan tare da wakilan ƙungiyoyin mujahidai, cikin harsunan Dari da Pashto. An buga miliyoyi, aka raba a sansanonin 'yan gudun hijira, wasu kuma aka tsallaka iyaka da su a ɓoye.

Abin da ke cikinsu shi ne abin takaici. Ɗan aji ɗaya yana koyon baƙaƙe da kalmar bindiga da takobi. Wurin ƙirga, inda aka saba zana lemo ko awaki, sai ga harsasai, ga nakiyoyi, ga tankokin yaƙi. Idan ya ɗan girma, sai a ba shi lissafi: ga saurin harsashi, ga nisan sojan Rasha, daƙiƙa nawa kafin ya same shi? Malami na iya tsallake darasin tarihi idan bai yarda da shi ba, amma ba ya iya tsallake ƙirga, shi ya sa dafin ya shiga sosai. Kalmar jihadi, duk da faɗin ma'anarta wurin malaman addini, aka matse ta ta koma harbi kawai.

Sojojin Sobiyet sun fice a Fabrairu 1989, littattafan ba su fice ba. Da Taliban ta kama Kabul a 1996 ta ci gaba da koyarwa da su, sai dai ta shafe fuskokin mutane a hotuna. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 da faɗuwar Taliban, USAID ta koma ga jami'ar nan domin sake bugu kafin buɗe makarantu a Maris 2002, aka cire hotunan makamai. Duk da haka masu bincike, irin su Dana Burde, sun ci gaba da cin karo da tsoffin bugun a kasuwannin littattafai shekaru bayan nan.

Ma'aikatar ilimi ta Afganistan ta bi wata hanyar daban. A 2012 aka ji cewa sababbin littattafan tarihi na makarantun gwamnati sun kusan tsayawa a 1973, shekarar da Daud Khan ya kifar da Sarki Zahir Shah. Hujjar jami'ai ita ce kowace ƙabila da kowane ɓangare yana da nasa gwarzo da nasa mugu, ba a samu labarin da kowa zai amince da shi ba. Haka aka bar mamayar Sobiyet, yaƙin basasa da mulkin Taliban ba tare da bayani ba, ga ɗaliban da iyayensu suka rayu cikinsu.