Wuƙar Maƙeran Gaya da 'Yar Farin Dutse

Duk matashin da ya taɓa hayar littafin yaƙi a Kano ya san tsarin: jarumi, takobin tsafi, gimbiya, aljani ya tare hanya. Galibi kuma a Misra ko Bagadaza ko birnin Sin ake gwabzawar. Ba yau aka fara ba. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, da yaƙin Turawa a ƙasar nan ya buɗe, amma da aka zo kan aljanu sai ya kwashi jarumin ya kai shi Indiya.

Alhali ga Gaya nan a gabashin Kano, kayan labari jibge. A ruwayar Bayajida, da ya tsero daga Barno ya bar matarsa Magira da ciki a Garun Gabas, Gaya ya nufa. Maƙeran garin suka ƙera masa wuƙar da ya sare kan macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, har ya auri Daurama. Kowa na yabon hannun da ya yi sara. Ni kuwa maƙerin nake tunani: zugazugi na huci, ƙarfe ya yi ja a kan uwar maƙera, baƙo na tsaye yana jira. Waɗannan mutane ba ƙanana ba ne, don Abagayawa na cewa kakansu maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya neman tama ya sauka gindin Dala.

Labarin da ya fi taɓa zuciyata kuwa yana cikin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908. A zamanin Sarkin Kano Dadi, daga 1670 zuwa 1703, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, shekara 3 bai kai gaisuwa birni ba. Dadi ya yaudare shi ya zo ganawa, ya kashe shi, wasu suka ce da aska. Farin Dutsen nan shi ne mahaifin Mariama, ita kuma ta haifa wa Dadi ɗa, Muhammadu Sharefa, wanda ya hau gadon a 1703 ya yi mulki har 1731. A zamaninsa mutanen Gaya suka yi ƙarfi a fada. Shi ne kuma ya ɗora haraji a kan 'yan mata in za a aurar da su.

Mace tsakanin jinin uba da gidan uban ɗanta: wace gimbiyar Misra ce ta kai wannan? Tarihin ya ambace ta a layi biyu ya wuce, sauran aikin na mai alƙalami ne. Tun 2024 masarautar Gaya ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, kuma 'yan makarantar da ke karanta littafin soyayya a waya a garuruwan nan sun cancanci su ci karo da Mariama a cikinsa.