Ribofilabin da Hawan Jini: Nazari a Kan Aikin Farfesa Helene McNulty

Shekarar 2006 ba ta yi wa masana abinci mai gina jiki daɗi ba. Tun a 1969 wani likita Ba'amurke, Kilmer McCully, ya kawo hasashen cewa yawan sinadarin homosistin a cikin jini yana lalata hanyoyin jini, kuma an riga an san cewa bitamin na rukunin B, musamman folik asid, suna sauko da wannan sinadari. Lissafin ya yi kyau a takarda: a ba mutane bitamin mai arha, homosistin ya sauka, ciwon zuciya ya ragu. Aka gwada a kan dubban marasa lafiya, a gwajin VISP na 2004, sannan NORVIT da HOPE-2 waɗanda sakamakonsu ya fito a 2006. Homosistin ya sauka yadda aka zata, ciwon zuciya kuwa ko gezau, in ban da ɗan sassaucin shanyewar ɓarin jiki da aka gani a HOPE-2. Masu bincike da dama suka tattara komatsansu suka bar fagen.

A cikin wannan shekarar ce Farfesa Helene McNulty da abokan aikinta na Jami'ar Ulster, a garin Coleraine na Ayalan ta Arewa, suka buga wata takarda a mujallar Circulation. Ba ta ja hankalin jaridu ba. Amma a ganina ta nuna inda manyan gwaje-gwajen suka yi tuntuɓe. Su sun tambayi ko bitamin yana wa jama'a amfani gaba ɗaya, ita kuwa ta tambayi wane bitamin, kuma a jikin wa. Wannan sauyin tambaya shi ne ƙashin bayan aikinta na tsawon shekaru, shi ne kuma dalilin da ya sa na ga ya cancanci a yi masa nazari, har da wuraren da hujjarsa ke da rauni.

Asalin aikinta a kan folat ne, wato siffar folik asid ta asali da ke cikin abinci, ba a kan hawan jini ba. Bayan gwajin Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya na 1991 ya tabbatar da cewa folik asid yana rage haihuwar jarirai masu tawayar laka da ƙwaƙwalwa da kusan kashi 72 cikin 100, sai aka shiga muhawara a kan hanyar da ta fi: a ce wa mata su yawaita cin ganye, ko a ba su ƙwaya? A 1996 McNulty, tare da Geraldine Cuskelly da John Scott na Kwalejin Trinity da ke Dublin, suka nuna a mujallar Lancet cewa ƙara cin abinci mai folat na asali bai ɗaga yawan folat a jajayen ƙwayoyin jinin mata yadda ake buƙata ba, alhali ƙwayar folik asid da abincin da aka ƙara wa sinadarin sun ɗaga shi. Sakamakon ya saɓa wa abin da masu wa'azin cin ganye ke son ji, amma abin da aka auna ke nan.

Daga folat ɗin ne hanya ta kai ta ga ribofilabin, wato bitamin B2. A 1995 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada, a ƙarƙashin Rima Rozen, suka gano wani ɗan bambanci a ƙwayar gado da ke sarrafa enzayim ɗin MTHFR. Aikin wannan enzayim shi ne juya folat zuwa siffar da jiki ke amfani da ita wajen mayar da homosistin ya koma metiyonin. A gurbi na 677 na ƙwayar gadon, harafin T kan maye gurbin C. Wanda ya gaji T daga uwa da uba, wato mai nau'in TT, enzayim ɗinsa ba ya kai ƙarfin na sauran mutane. A 1999 aka gano dalili: enzayim ɗin ba ya aiki sai da wani mataimaki mai suna FAD, wanda jiki ke ƙerawa daga ribofilabin, kuma a nau'in TT riƙon da enzayim ya yi wa mataimakin sako-sako ne. Kamar fartanyar da ruwanta ke yawan fita daga ƙota: ƙarfen lafiyarsa lau, amma noma ba ya tafiya sai an yi ta matse shi. Idan haka ne, ashe wadatar ribofilabin za ta iya riƙe enzayim ɗin ya tsaya da aikinsa.

Abin da takardar 2006 ta gwada ke nan. An ba mutane miligiram 1.6 na ribofilabin kullum, gwargwadon abin da ake so baligi ya samu daga abincinsa a yini. Homosistin ya sauka da kashi 22 cikin 100 a masu TT, sauran nau'o'in biyu kuwa, CC da CT, ba abin da ya motsa. A lura da abin da wannan ke nufi. A Turai kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke da TT. Da an zuba kowa a kwando ɗaya an ɗauki matsakaici, tasirin da aka gani a mutum ɗaya zai narke cikin tara da ba su amsa ba, a rubuta cewa ribofilabin ba ya komai.

Maganar hawan jini ta biyo baya a 2010, a wani gwaji da Geraldine Horigan ta jagoranta tare da McNulty da Mary Ward da J. J. Strain. Mahalartan masu ciwon zuciya ne da ya kama su tun da sauran ƙuruciya, kuma akasarinsu suna shan maganin hawan jini. Tun kafin a fara aka lura cewa kusan kashi biyu cikin uku na masu TT ba su sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba duk da maganin. Bayan mako 16 na ribofilabin, matsakaicin awonsu ya sauka daga 144 bisa 87 zuwa 131 bisa 80. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babban nazarin da aka buga a Lancet a 2002, wanda ya tattara bayanan mutum miliyan ɗaya, ya ƙiyasta cewa ragin maki 2 kawai a lambar sama yana tafiya da ragin kusan kashi 10 cikin 100 na mace-macen shanyewar ɓarin jiki. Maki 13 kuwa ya kai abin da ake samu daga cikakken maganin asibiti.

Abin da ya fi burge ni shi ne matakin da suka ɗauka bayan haka. Shekara huɗu da gudanar da gwajin farko, wanda an yi shi tun shekaru kafin a buga sakamakonsa a 2010, suka sake kiran masu TT ɗin, suka juya rabon: waɗanda a da suka sha holoƙon ƙwaya yanzu aka ba su ribofilabin, waɗanda suka sha ribofilabin aka ba su holoƙo. A tsakanin lokacin likitoci sun sauya wa da yawansu magunguna, duk da haka jininsu bai daidaita ba. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna ragin kusan maki 9 a sama da 6 a ƙasa. A 2013 suka maimaita da mutum 91 masu hawan jini da nau'in TT waɗanda ba su da ciwon zuciya, aka samu ragin maki 5.6 a lambar sama, ta ƙasa kuwa ba ta nuna bambancin kirki ba.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya nutsu. Daga 13 zuwa 9 zuwa 5.6: duk lokacin da aka sake gwaji, tasirin sai ya ragu. Ana iya cewa mahalartan ƙarshe sun fi na farko lafiya, don haka ba su da nisan da za su sauka. Amma sanannen abu ne a binciken lafiya cewa ƙananan gwaje-gwaje na farko sukan zuzuta tasiri, gaskiyar girmansa ba ta bayyana sai an faɗaɗa. Gwaje-gwajen nan uku ƙanana ne, a yanki ɗaya aka yi su, kuma hannu ɗaya ne ya yi su. Sun auna hawan jini na 'yan watanni, ba su auna ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ta ragu ba, kuma darasin homosistin bai tsufa ba: lamba tana iya sauka cuta ta tsaya inda take. Akwai kuma wani ƙulli a ɓangaren gado. Gaskiya ne babban binciken ƙwayoyin gado na 2009 ya nuna yankin da MTHFR yake a cikin wurare takwas masu alaƙa da hawan jini, sai dai a maƙwabtaka da shi akwai NPPA da NPPB, masu sarrafa sinadaran da ke sa ƙoda ta fitar da gishiri, kuma su ma sun isa su bayyana alaƙar.

Ban ɗauki waɗannan a matsayin abin da ya rushe aikin ba. Nazarin da Mary Ward da McNulty suka fitar a 2020, a kan manya fiye da 6,000 a tsibirin Ayalan, ya samu cewa haɗarin hawan jini ya fi yawa a masu TT, kuma ya ninka kusan sau uku idan TT ya haɗu da ƙarancin ribofilabin. Tsarin tunanin ma ya samu goyon baya daga wani wuri: a ƙasar Sin, inda ba a ƙara folik asid a fulawa, gwajin da Huo Yong ya jagoranta a kan masu hawan jini 20,702 ya nuna a 2015 cewa haɗa folik asid da maganin enalafiril ya rage shanyewar ɓarin jiki na farko da kashi 21 cikin 100. Bitamin ɗin da ya kasa a Amurka da Kanada, inda tun 1998 kowa ke samunsa a burodi, ya yi aiki inda ake da ƙarancinsa.

Abin da ya rage shi ne babban gwaji, a ƙasashe da dama, a hannun masu bincike da ba su da rabo a hasashen. Wuraren da suka dace a bayyane suke, domin TT ya kai kusan kashi 32 cikin 100 a Meziko, da kusan 20 a arewacin Sin. Abin da ke ci mini rai shi ne dalilin jinkirin. Ribofilabin ba shi da mai shi, ba kamfanin da zai mallaki haƙƙinsa ya mayar da kuɗin gwaji, don haka nauyin ya koma kan gwamnatoci da gidauniyoyi, su kuwa sun ƙona hannu a kan bitamin tun 2006. Ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 manya biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa.

Ga mai karatu a Afirka ta Yamma kuwa, maganar ta sha bamban. Nau'in TT yana da wuyar samu ƙwarai a tsakanin baƙar fatar Afirka, bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, saboda haka babu hujjar da za ta sa mai hawan jini a Kano ko Maraɗi ya sayi bitamin B2 a kemis ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa, ko ya saki jiki da gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Ƙarancin ribofilabin kansa kuwa tsohuwar matsala ce a yankin. Tun farkon shekarun 1980 binciken Chris Bates da abokansa a ƙauyen Keneba na Gambiya ya same shi a kusan dukkan mata masu ciki da masu shayarwa da aka auna, domin nono da ƙwai da hanta, inda bitamin ɗin ya fi yawa, ba sa isa akushin talaka kullum. Wannan ƙarancin yana da alaƙa da tsagewar gefen baki da ƙarancin jini, kuma gyaransa ba ya jiran gwajin ƙwayar gado.