"Castigar": kalmar horo wadda asalinta tsarkakewa ne

A harsunan Fotugal da Sifaniya, "castigar" na nufin a hukunta mutum ko a ladabtar da shi, sunan hukuncin kuma "castigo". Ana jin kalmar a Gine-Bisawo da Kap-Ber da Angola, inda Fotugisanci ne harshen gwamnati, da Ikwatoriyal Gini, inda ake Sifaniyanci.

Tushenta kalmar Latin ce, "castigare", wadda aka haɗa daga "castus", mai tsarki, da "agere", aikatawa. Ma'anarta ta farko ke nan: a gyara mutum har ya tsarkaka daga aibi. Daga nan Faransanci ya samo "châtier" da "châtiment". Ƴar hular da ke bisa harafin "a" alama ce ta "s" ɗin da ya faɗi daga tsohon rubutu, "chastier".

A tsohon Sifaniyanci kalmar tana ɗauke da ma'anar nasiha. A ƙarshen ƙarni na 13, an kira littafin gargaɗin da Sarki Sancho na 4 na Kastil ya bar wa ɗansa da sunan "Castigos". Daga baya ne ma'anar hukunci ta rinjayi ta nasiha.

Hausa ma tana da irin wannan. "Ladabi" daga Larabci "al-adab" yake, wato kyakkyawar ɗabi'a, amma yau idan aka ce an ladabtar da yaro, bulala ke fara zuwa a rai. "Horo" kuwa fuska biyu gare shi. Manomi a Tagriss, cikin gundumar Dakoro, yana horar da sa don ya ja garma. Malamin allo ko mushen lakwal yana yi wa ɗalibi horo in ya yi laifi. Karin maganar da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tanƙwarawa ta ambata, ba karyawa ba.

Bambancin ya shiga doka. Sashe na 28 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ya buƙaci horon makaranta ya kiyaye mutuncin yaro. Uban da ɗansa ya dawo daga makaranta da shatar bulala yana da hurumin zuwa ya tambayi malami ko darakta dalili.