Eric Kandel, masanin yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu

Eric Kandel likitan taɓin hankali ne kuma masanin ƙwaƙwalwa da ya yi aiki a Jami'ar Columbia ta Amurka. An haife shi a Vienna ta Austriya a 1929. A 1962 ya tafi Paris, inda shi da Ladislav Tauc suka yi nazarin Aplysia, wani dodon koɗin teku mai manyan ƙwayoyin jijiya. Daga bisani, da shi da James Schwartz da sauran abokan aiki, suka nuna cewa koyo yana sauya ƙarfin mahaɗar jijiyoyi, kuma abu ba ya daɗewa a ƙwaƙwalwa sai an samar da sabon furotin. Masu binciken cutar mantuwa suna ɗorawa a kan wannan tushe. Ya samu kyautar Nobel a 2000 tare da Arvid Carlsson da Paul Greengard.