Yadda Kowane Gari a Italiya Ya Samu Biskit Nasa

Tun kafin ya san sukari, biskit guzuri ne a Italiya. Sojojin daular Rum kan ɗauki burodin da aka gasa har ya bushe ƙarau, don ya yi watanni bai yi funfuna ba. Matuƙan jiragen ruwan Venis ma da irinsa suke tafiya, kuma har gobe ana sayar da baicoli, siraran biskit ɗin garin, cikin gwangwani.

Zaƙi daga baya ya zo. A shekarar 827 Musulmi daga Arewacin Afirka suka sauka a tsibirin Sisili, mulkinsu bai gama gushewa ba sai 1091, kuma a zamaninsu noman rake ya kafu a can. Da sukari ya haɗu da almon, sai aka samu kayan zaƙin da Sisili ke tunƙaho da su. A Palermo akwai reginelle, wanda ake birgimawa cikin riɗi kafin a gasa. Sukari ya daɗe yana da tsada, don haka sana'ar ta fi zama a fadodi da gidajen mata masu zaman ibada na coci, waɗanda ke sayar da abin da suka gasa don riƙe kansu.

Abin da ya fi raba kan biskit ɗin, a ganina, rashin haɗuwar ƙasar ne. Italiya ba ta zama dunƙulalliyar masarauta ba sai 1861, saboda haka kowane gari da abin da gonarsa ta ba shi ya yi aiki. Mutanen Veneto suka sa garin masara a zaleti bayan masara ta iso daga nahiyar Amurka. Saronno ta yi amaretti da ƙwayar ƙwallon aprikot mai ɗan ɗaci.

Labarin Prato, kusa da Florence, shi ya fi burge ni. A 1858 Antonio Mattei ya buɗe gidan burodi a garin. Fulawa, sukari, ƙwai, almon da 'yar ƙwayar itacen pine, shi ke nan kayan haɗinsa, babu man shanu. Sai a mulmula kwaɓin ya yi tsawo, a gasa, a yanka shi a karkace da sauran zafinsa, har ya fito da taurin da ke sa a tsoma shi cikin abin sha kafin a ci. Biskit ɗin ya samu yabo a baje kolin Paris na 1867, kuma shagon yana nan yana naɗe shi cikin shuɗiyar takarda. A Casale Monferrato kuwa, Domenico Rossi ya fito da krumiri a 1878, shekarar da Sarki Vittorio Emanuele II ya rasu. Ana cewa lanƙwasarsa kwaikwayon gashin bakin sarkin ce.

Da masana'antu suka fara cika kantuna da kwaikwayo, garuruwa suka nemi kariyar doka. Tarayyar Turai ta yi wa ricciarelli na Siena rajista a 2010, sannan cantuccini na Tuskani, irin biskit ɗin Prato, a 2016, bisa sharaɗin almon a cikinsa ya kai aƙalla kashi 20 cikin ɗari. Ƙa'idar ta haɗa da man shanu da zuma, waɗanda babu su a haɗin Mattei.