Wasiyyar Ƙone Rubutu

A ranar 3 ga Yuni, 1924, tarin fuka ya kashe Franz Kafka a wani gidan jinya kusa da Vienna, yana da shekara 40. Da amininsa Max Brod ya je tattara kayansa a birnin Prague, sai ya tarar da takardu biyu da sunansa a kai, duka saƙonsu ɗaya. Kafka ya bar wasiyya cewa duk abin da ya rubuta bai buga ba, labarai da wasiƙu da kundin da yake rubuta sirrinsa, a cinna musu wuta, kada ma a karanta.

Brod bai ƙona ko shafi ɗaya ba. Shekara na zagayowa ya fitar da littafin Der Prozess, a 1926 ya biyo da Das Schloss, a 1927 kuma Amerika. Waɗannan ukun su ne suka ɗaga sunan Kafka daga ma'aikacin ofishin inshora da 'yan kaɗan suka sani zuwa sahun manyan marubutan ƙarni na 20.

Irin wannan wasiyya ta girmi Kafka da kusan shekara dubu biyu. Mawaƙin Rum, Virgil, da ajali ya riske shi a Brundisium shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nemi a ƙone doguwar waƙarsa Aeneid don bai gama tace ta ba. Sarki Augustus ya hana, ya sa abokansa Varius da Tucca suka fitar da ita.

A duniyar Musulunci kuwa al'adar ta ɗauki wata fuska, domin tsoron Allah ne ya fi tura malamai gare ta. Al-Khaɗibul Bagdadi, a littafinsa Taƙyidul Ilmi, ya tattaro labarin magabata da suka wanke littattafansu ko suka yi wasiyyar a shafe su. Fargabarsu ita ce rubutun ya faɗa hannun wanda bai san kansa ba, ya ƙara ko ya rage, a jingina wa mamaci abin da bai faɗa ba. Wanda ya taɓa wanke allo ya san yadda tawadar gargajiya take bin ruwa, saboda haka shafe littafi a wancan zamani aikin ƙwarya ɗaya ta ruwa ne. Shi kuwa Abu Hayyan at-Tauhidi bai jira kowa ba. Wajen shekara ta 400 bayan Hijira, tsufa da talauci da baƙin cikin yadda mutanen zamaninsa suka wulaƙanta shi suka sa ya ƙone littattafansa da hannunsa. Sai dai magana zarar bunu ce: masu kwafi sun riga sun juye wasu, shi ya sa har yau ake karanta littafinsa Al-Imta'u wal-Mu'anasa.

Shin Brod ya ci amana? Yana da hujja mai ƙarfi. Ya ce tun a 1921, lokacin da Kafka ya fara kawo masa zancen, ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ba zai aikata ba. Kafka ya rayu shekara uku bayan haka bai sauya wasiyyi ba. Wanda aka faɗa wa gaskiya tun yana da ikon ɗauke kayansa ya kai wani wuri, bai kuma ɗauke ba, da wuya a ce an yaudare shi. Wannan hujjar ta wanke Brod a kan littattafan ƙirƙira.

Ba ta wanke shi a kan sauran ba. Daga baya ya buga kundin sirrin Kafka, har da doguwar wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa, wadda uban bai taɓa karantawa ba, cike da ƙorafin ɗa a kan tsananin da aka yi masa tun yana yaro. Labari an rubuta shi ne don idon jama'a, ko da mai shi ya ja da baya. Wasiƙar cikin gida kuwa akwai mutuncin wasu a cikinta, mutanen da babu wanda ya nemi yardarsu. A nan Brod ya wuce gona da iri, kuma daɗin da masu nazari suke ji na samun takardun bai rufe wannan ba.

Takardun sun sha wuya. A watan Maris na 1939, a daren da sojojin Hitler ke shirin shiga Prague, Brod ya hau jirgin ƙasa na ƙarshe da ya ƙetare iyaka, da akwati cike da rubutun amininsa, ya nufi Tel Aviv. 'Yan'uwan Kafka mata su uku duk sun mutu a hannun 'yan Nazi. Da Brod ya rasu a 1968, takardun da suka rage a wurinsa suka koma hannun sakatariyarsa Esther Hoffe, wadda ta sayar da asalin rubutun Der Prozess a kasuwar gwanjo ta Landan a 1988 kan kusan dala miliyan 2. Bayan rasuwarta a 2007 aka shiga shari'a da 'ya'yanta, sai a 2016 Kotun Ƙolin Isra'ila ta miƙa ragowar ga ɗakin karatu na ƙasar.

Akwai waɗanda suka cika wasiyyar kamar yadda aka bar musu. Marubucin Ingila Terry Pratchett, wanda ya rasu a 2015, ya nemi a murƙushe duk aikin da bai kammala ba a ƙarƙashin injin danne titi. A watan Agustan 2017 mataimakinsa Rob Wilkins ya ciro ma'ajiyar bayanai daga kwamfutarsa, ya kai ta wani bikin tsofaffin injuna a Dorset, ya ajiye a ƙasa. Wani tsohon inji mai aiki da tururi, mai suna Lord Jericho, ya bi ta kanta gaba da baya sau da dama. Ƙarfen ya yi taurin kai, sai da aka jefa shi cikin injin fasa dutse. Daga nan aka kwashe tarkacen aka kai gidan tarihi na Salisbury, inda masoyan littattafansa suka riƙa zuwa kallo.