Yadda Tsohon Harshen Coci Ya Zama Ƙofar Digiri Na Biyu

Tun da Rasha ta afka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022 ake ta ka-ce-na-ce a sassan nazarin harsunan Silafawa na jami'o'in Amurka da Turai. Har babbar ƙungiyar masana fannin a Amurka sai da ta sa kawar da tunanin mulkin mallaka ya zama jigon taronta na 2023. Ƙorafin shi ne Rashanci ya yi kane-kane a manhaja. Amma da aka fara zazzage ta, sai wasu suka haɗa da wani sharaɗi da ɗalibai suka daɗe suna kuka da shi, wato koyon tsohon Silafancin coci, harshen da ba wanda ya tsotse shi a nono yau.

Ga wanda bai saba ba, Silafawa su ne Rashawa, da mutanen Yukiren, Polan, Cek, Sabiya, Bulgeriya da danginsu. Mai neman digiri na biyu a wannan fanni yakan shafe kimanin shekara biyu, ya ci jarrabawar ƙwarewa a harshe ɗaya, galibi Rashanci, ya kuma amsa tambayoyi kan dogon jerin littattafai. Jami'o'i sun bambanta, amma da yawa sukan ƙara masa tsohon harshen nan, da wani harshen Silafawa na biyu, ko iya karanta Jamusanci ko Faransanci. Ina aka samo wannan kaya?

Asalin harshen ba shi da tsawon bayani. A 863 Sarkin Rumawa na Kustantiniya ya tura 'yan'uwa biyu, Cyril da Methodius, wa'azi ƙasar Morabiya. Suka ƙirƙiro haruffa, suka juya littattafan ibada zuwa harshen mutane. Bayan rasuwar Methodius a 885 aka kori almajiransu, Bulgeriya ta karɓe su, a can kuma haruffan da Rashawa ke rubutu da su yau suka samo asali. Daga nan harshen ya yi ƙarnuka a hannun limaman coci.

Inda labarin ya yi armashi shi ne ƙarni na 19. A 1822 Josef Dobrovský ya buga nahawun tsohon harshen a Biyana, kuma da Latin ya rubuta shi. A 1840 Faransa ta buɗe kujerar adabin Silafawa a Collège de France ta ba mawaƙin Polan Adam Mickiewicz. Sai dai Biyana ce ta kafa tubalin da ya ɗore: a 1849 aka naɗa Franz Miklosich farfesan fannin, a 1886 kuma Vatroslav Jagić ya gaje shi. Jagić ne ya kafa mujallar Archiv für slavische Philologie, shi ne kuma ya buga tsofaffin kundayen Linjila biyu, Zographensis a 1879 da Marianus a 1883. A Leipzig, August Leskien ya fitar da littafin koyon harshen a 1871, wanda aka yi ta sake bugawa har cikin ƙarni na 20.

Su waɗannan malamai ba labarin marubucin Rasha Tolstoy ya dame su ba. Burinsu su gano uwar da ta haifi harsunan Silafawa duka, su kuma danganta ta da Girkanci da Sanskirit. Tsohon harshen coci shi ne rubutacciyar shaida mafi daɗewa, don haka da shi ake farawa. Kwatanci ba ya yiwuwa da harshe ɗaya, sai a ƙara na biyu. Bincike kuma kusan duk da Jamusanci aka rubuta shi, wanda bai iya ba ya zama ɗan kallo. Sharuɗɗan uku ke nan, kowanne da dalilinsa. Wanda ya taɓa zama gaban malam a zaure aka ce sai ya sauke Ajurumiya kafin ya taɓa manyan littattafai, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Na sha jin masu cewa Yaƙin Cacar Baka ne ya haifi wannan manhaja. Ban yarda ba. Leo Wiener ya fara koyar da harsunan Silafawa a Harvard tun 1896, George Noyes kuma a Berkeley tun 1901. A Landan an buɗe makarantar fannin a 1915, Tomáš Masaryk, wanda daga baya ya zama shugaban Cekoslobakiya na farko, ya gabatar da laccar buɗewa. Duk wannan kafin juyin juya halin Rasha na 1917. Kuma a yi wa Allah, wace hukumar leƙen asiri ce za ta biya kuɗi don ɗalibi ya haddace lanƙwasar aikatau a kundin Linjila mai kusan shekara dubu?

Wanda ya kai tsarin Turai Amurka da ƙarfinsa shi ne Roman Jakobson. A Mosko aka haife shi a 1896, yana cikin waɗanda suka kafa da'irar masana harshe ta Prague a 1926, ya tsere wa 'yan Nazi ta Denmak, Norwe da Suwidin, ya isa New York a 1941. A 1949 ya koma Harvard. Shi a wurinsa harshe da adabi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, mai nazarin waƙa dole ya san sauti da nahawu. Horace Lunt, abokin aikinsa a can, ya buga nahawun tsohon harshen da Turanci a 1955. Ɗaliban da suka horar ne suka bazu suka riƙe sassa a wasu jami'o'i, kowa ya tafi da abin da aka ɗora masa.

Abin da Yaƙin Cacar Baka ya kawo shi ne kuɗi, kuma kuɗin Rashanci ya bi. Jami'ar Columbia ta buɗe cibiyar nazarin Rasha a 1946, Harvard a 1948. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik a Oktoban 1957, majalisar Amurka ta zartar da dokar ilimi don tsaron ƙasa a 1958, tallafin karatu ya yi ta kwarara. A nan ne sashen da aka raɗa wa sunan Silafawa duka ya koma sashen Rashanci, harshen Polan da na Cek suka zama 'yan rakiya. Yukiren kuwa sai da 'ya'yanta mazauna Amurka suka yi karo-karo kafin Harvard ta samu cibiyar nazarinta a 1973.

Bayan rugujewar Sobiyet a 1991 kasuwa ta faɗi. Masu koyon Rashanci a manyan makarantun Amurka sun ragu daga sama da 44,000 a 1990 zuwa ƙasa da 25,000 a 1995. Sassa suka shiga neman ɗalibai, aka shigo da nazarin fim da al'adu, abu ne mai kyau, amma a wurare da dama tsofaffin sharuɗɗan aka fara sassautawa.

To, a nan nake ganin masu neman gyara sun kama reshe sun saki tushe. Tsohon harshen coci ba na Mosko ba ne. Daga yankin Salonika ya fito, a Bulgeriya ya girma, ya kuma isa Kiyef tun Mosko ba ta shiga littafin tarihi ba. Sharaɗin harshe na biyu kuwa shi ne ke tilasta wa ɗalibi ya leƙa waje da Rashanci. In ana son rage wa Rashanci nauyi, a bar ɗalibi ya ɗauki harshen Yukiren ko na Polan a matsayin babban harshensa, a sake jerin littattafan jarrabawa. Amma waɗannan sharuɗɗa biyu a bar su inda suke.